Tambayi Anti: Mu Biyar Ne, Muna So Mu Sauka A Gidan Mutane

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu ɗaya: abokai sun shirya tafiya ƙasar waje, wani a cikinsu ya ce a bar otal a sauka wurin 'yan gari. Na ɗauki huɗu. Ta farko ta fi cin wuri, don ta taɓo mini wani abu da ya daɗe yana zaune a raina.

Assalamu alaikum Anti, ya aiki? Mu biyar ne, ƙawaye tun muna makaranta. Shekara biyu muna tara kuɗi don mu je Malesiya hutun mako biyu. Yanzu kai ya rabu. Ɗayarmu ta ce mu ware kwana huɗu mu sauka gidan wasu mutanen ƙauye, mu ci abin da suke ci, mu ga yadda suke rayuwa. Biyu sun ce su otal suka sani, ba za su kashe kuɗinsu su je su takura a gidan wani ba. Ni da ta biyar ɗin muna tsakiya. Abin yana burge ni, amma ina tsoron kada mu yi abin kunya, ko a yi mana. Don Allah ki raba mana gardama. Ƙanwarki, mai bin wannan fili.

Wa alaikumus salam ƙanwata, aiki da godiya. In ra'ayina kike so, ku je. Sai dai kada ku ja waɗancan biyun da ƙarfi. Wanda aka kai gidan mutane ba da son ransa ba, fuskarsa ce take fara faɗa, kuma masu gida sun iya karatun fuska ko da ba sa jin kalma ɗaya ta harshenku. Su biyun su zauna otal a garin da ya fi kusa, ku ukun ku shiga ƙauye, ku haɗu bayan kwana uku ko huɗu. Don kun shiga jirgi ɗaya ba dole ne ku kwana ɗaki ɗaya ba. Uku ma sun fi biyar sauƙi a kan gidan da banɗakinsa ɗaya ne.

Kun kuma yi sa'ar ƙasa. Malesiya ta daɗe da tsara wannan harka. Tun 1995 gwamnati ta ƙaddamar da shirin saukar baƙi a gidajen ƙauye, a yankin Temerloh na jihar Pahang, kuma ma'aikatar yawon buɗe ido ce take yi wa ƙauyukan rajista, ana duba gidajen, ana horar da masu su. Ku nemi wanda yake cikin wannan rajista. Ku lura da abu ɗaya: a can, sunan da ake kiran wannan tsari da shi, wato homestay, ana liƙa shi har a kan gidan haya wanda babu kowa a ciki, a miƙa muku makulli a tafi. Kafin ku biya ko sisi, ku tambaya ƙarara: masu gidan suna kwana a cikinsa? Tare za mu ci abinci? In kuma gabar gabas kuka nufa, wato Kelantan, Terengganu da gaɓar Pahang, ku guji watannin Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin ruwa ne mai yawa, har ambaliya akan yi.

Yanzu ga abin da ya sa na ce wasiƙarki ta taɓo ni. Kin ce kina tsoron abin kunya. Yawancin mutane in sun faɗi haka, tunaninsu yana kan takalmi da hannun cin abinci da gaisuwa. Waɗannan masu sauƙi ne, kuma ana yafe wa baƙo su, don kowa ya san baƙo makaho ne. Abin da yake yi wa masu gida ciwo, kuma mai tafiya shi kaɗai ba ya iya yin sa, shi ne abin da ƙawaye suke yi in sun haɗu: su zauna a tsakiyar ɗakin mutane su kewaye kansu da hirarsu.

Shekarun baya mu huɗu muka je Kirgizistan. Muka sauka a Kochkor, wani gari a tsakanin duwatsu, tafiyar kamar awa uku a mota daga Bishkek. A ƙasar, a garin ne aka fara, a shekarar 2000, tsarin da iyalai suke karɓar matafiya a gidajensu, da taimakon ƙungiyar Helvetas ta Suwizalan. Gidan da aka ba mu na wata tsohuwa ne da mijinta ya rasu, tana tare da ɗanta da matarsa da jikarta 'yar shekara goma sha biyar, wadda ita kaɗai ce take jin ɗan Turanci. Daren farko suka shimfiɗa zanen cin abinci, wanda suke kira dastorkon, a kan wani gajeren teburi, suka cika shi har babu wurin ajiye cokali: burodi, da soyayyen ƙullun fulawa da aka yanka ƙanana da suke kira boorsok, da kirim ɗin madara, da 'ya'yan itace da aka dafa da sukari. Suka zaunar da mu can ƙurya, wurin da yake fuskantar ƙofa, wanda sai daga baya na san shi ne mazaunin girmamawa. Surukar tana gefen buta tana zuba mana shayi a 'yan kwanoni marasa mariƙi, kaɗan-kaɗan, ba ta taɓa cikawa. In ka shanye ka miƙa, ta ƙara. A wurinsu hidimar tana cikin yawan ƙarawar.

Tsohuwar da kanta ta tashi ta ɗauko miyar nama. Daidai lokacin da ta sunkuya za ta ajiye kwano a gaban ɗayarmu, saƙo ya shigo wayar wata ƙawarmu daga gida, wani labari ne na ban dariya da bai shafi kowa a ɗakin ba. Ta karanto mana shi da harshenmu. Muka fashe da dariya mu huɗu, har da mai riƙe ciki, kuma wadda aka kawo wa miyar, cikin dariyar, idonta ya sauka kan kwanon. Na ga hannun tsohuwar ya tsaya a iska. Ta ajiye kwanon a hankali, ta koma wurinta, ba ta ƙara cewa komai ba.

Da safe muka tarar da abinci a shimfiɗe, babu kowa a wurin. Da rana ma haka. Mun ɗauka aiki ne ya yi musu yawa. Sai da yamma yarinyar ta same ni a tsakar gida, tana murza bakin rigarta, ta ce kakarta ta ce a tambaye mu, in miyar ce ba ta yi mana ba, mu faɗi abin da muke ci a ƙasarmu, za ta gwada dafawa.

Ƙanwata, ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba. Matar nan ta kwana ta yini tana ganin baƙinta sun yi wa girkinta dariya a gaban ɗanta da surukarta, kuma abin da ta yanke shi ne ta sake wani girkin. Na ja yarinyar muka shiga kicin, na yi bayani, ta fassara, har saƙon na sa aka nuna mata. Ta gyaɗa kai ta ce ba komai. Amma na san "ba komai" irin wannan, kowane harshe yana da ita.

Washegari ƙawayena suka tafi hawan doki ta hanyar tafkin Song-Kol, wanda yake sama da mita 3,000 a kan tsauni. Ni na ce ba zan je ba. Na zauna kusa da ita tana ɗinka shyrdak, dardumar gashin tumaki da ake yanka zane biyu masu launi daban a haɗa bakinsu, sana'ar da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun da ke buƙatar kariyar gaggawa a 2012. Mun fi awa ɗaya babu mai magana. Can ta miƙo mini zare ta nuna mini yadda ake murza shi a kan cinya. Na ɓata na farko, ta warware, ta kama yatsuna ta gyara musu zama. Da muka ci abincin rana mu biyu, ta ɗaga tafukanta ta yi addu'a ta shafa, ta ce omin, ni ma na shafa tare da ita. Ta dube ni sosai, karon farko tun daren nan. Da daddare ta dawo kan dastorkon ta zauna da mu. Har yau in na tuna hannun nan da kwano a tsaye, ƙirjina yakan yi nauyi.

Don haka kafin ku shiga gidan, ku ukun ku yi yarjejeniya. In ana zaune da masu gida, musamman a kan abinci, ba a hira da harshenku. In ta kama dole, wadda ta yi maganar ta juya nan take ta faɗa musu abin da ta ce, ko da da hannu ne da 'yan kalmomi. In dariya ta kama ku, ku sa su a ciki ko ku riƙe ta sai kun shiga ɗaki. Waya ta zauna a jaka. Kuma da rana ku rarrabu: ɗaya ta bi uwar gida kasuwa, ɗaya ta zauna wurin girki, ɗaya ta raka yara makaranta. Mutum uku a tare ana yi musu hidima ne a koma gefe. Mutum ɗaya shi ake ja da hira, shi ake nuna wa hoton bikin 'yar gida da wurin da ruwa ya kai a ambaliyar bara. Da daddare in kun haɗu, kowa tana da labarin da sauran ba su da shi, kuma wannan ya fi ku uku ku dawo da labari ɗaya.

Sauran ƙananan abubuwan ba za su ba ku wuya ba. Takalmi a ƙofa ake barin sa, tun daga matakala in gidan katako ne mai ƙafafu. Matar gida ku kira ta Mak Cik, mijinta Pak Cik, wadda ta ɗan girme ku Kak. In kun gaisa da mace, bayan haɗa hannu sai ki kai naki ƙirji. Ba a nuna mutum ko wuri da manuniya, da babban yatsa ake yi, sauran a dunƙule. Za ku riƙa jin "sudah makan?", wato kin ci abinci, a kowane lokaci, gaisuwa ce da kulawa, ba lallai tayin ci ba ne. Terima kasih shi ne na gode, ku faɗe shi har ya gaji. A ƙauyen Malayu maganar halal ba za ta dame ku ba, amma in akwai wadda jatan lande yake tayar wa da ƙaiƙayi ko kumburi, ta faɗa tun kafin ku iso, don suna da wani daddawar jatan lande da ake kira belacan, yana cikin yajinsu da miya da yawa, ba a ganin sa da ido. Wannan magana ce ta lafiya, ba a yi mata kara.

Sai hoto. Kada ku ɗauki cikin ɗakin mutane, ko 'ya'yansu, ko tsohuwa tana barci a kujera, ku ɗora a Instagram ba tare da kun tambaya ba. Ku tambaya, ku nuna musu hoton, ku faɗi inda za ku sa shi. In kun yi alkawarin turo musu, ku turo.

Anti barka da war haka. Mu uku ne maza, za mu je Chaina, rabi yawo rabi duba kaya. Abokinmu ya haɗu da wani ɗan can a intanet, sun kai wata shida suna hira, ya ce mu sauka gidan iyayensa kyauta. Mutumin kamar na kirki ne. Amma babana ya ce bai yarda ba, ni kuma ina ganin tsoro ne kawai irin na manya. Ya kike gani? Ƙaninki.

Ƙanena, barka kadai. Baba bai yi laifi ba, kuma ba lallai abokin naku mugu ne ba. Duka biyun suna iya zama gaskiya.

Fara da doka, don ita ba ruwanta da kirkin mutum. A Chaina, baƙon da ya sauka a otal, otal ɗin ne yake yi masa rajista. Wanda ya sauka gidan wani kuwa, dole shi ko mai masaukinsa su je su yi rajista wurin 'yan sandan unguwa cikin awa 24 da isowa. Ana tafiya da fasfo da takardar shaidar mai gida da abin da ke nuna gidan nasa ne ko haya yake yi. Rashin yi yana jawo gargaɗi ko tara, yana kuma iya ba ku matsala ranar da kuka je neman ƙarin kwanakin biza. Ba Chaina kaɗai ba ce. A Italiya wanda ya saukar da baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba, wajibi ne ya sanar da hukumar tsaro a rubuce cikin awa 48. A Tailan mai gida yana cike takardar da ake kira TM30 cikin awa 24. To ga gwajinka na farko, kuma ba ya cin ko kwabo: abokinka ya rubuta wa mutumin ya ce, ranar da muka iso za ka raka mu ofishin 'yan sanda mu yi rajista? Mai gaskiya zai ce to, ko ya ce bari ya tambaya yadda ake yi. In ya fara cewa ba sai an yi ba, ko ya ce kada ku rubuta adireshinsa a takardar shiga ƙasa, magana ta ƙare.

Na biyu, ya ce gidan iyayensa. Iyayen sun sani? Sau da yawa saurayi yakan yi tayi da zuciya ɗaya, sai baƙi sun iso da akwatuna a gano uwarsa ba ta san da zuwan maza uku ba, gidan kuma ɗaki biyu ne a hawa na goma sha biyu. Ku nemi a yi kiran bidiyo, ku gaisa da iyayen, ku ga inda za ku kwanta. Ka sa Baba ma ya zauna a gaisa da shi. Za ka yi mamakin yadda dattijo yake gane dattijo ko babu harshe.

Masu wannan harka tun da can ba su taɓa dogara da kirkin fuska kawai ba. Ƙungiyar Servas, wadda aka kafa a Denmak a 1949 don matafiya su riƙa sauka gidajen mutane kyauta, sai an yi wa mutum tambayoyi an ba shi takardar gabatarwa kafin ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa, kuma kwana biyu ne al'adarsu. Couchsurfing, wani dandalin intanet na irin wannan harka da ya zo daga baya, ya tsaya ne a kan shaidar da baƙin baya suka rubuta. Ku ba ku da ko ɗaya a cikin biyun, sai hirar wata shida. Saboda haka daren farko da na biyu ku kama otal. Ku haɗu da shi da rana, ku ci abinci, ku kai wa iyayensa gaisuwa. In hankalinku ya kwanta ku ukun duka, ba biyu cikin uku ba, ku koma can kwana biyu ko uku. Kuɗin otal na sauran kwanakin ya zauna a ajiye, kada ku zuba shi a kaya don an ce masauki kyauta ne.

Fasfo kuma: a gani, a rubuta lamba, a mayar maka. A Kuba, inda aka halatta wa mutane saukar da baƙi a gidajensu tun 1997, mai gida zai karɓi fasfonka ya rubuta a littafinsa ya kai rahoto ga hukumar shige da fice, wannan aikinsa ne. Amma duk wanda ya ce ka ba shi ya ajiye maka, ko a ina ne, ka ce ka gode. Kuma tunda akwai maganar kaya a tafiyarku, ka sani wanda ya ci abincin mutum kwana biyar yana jin nauyin ce masa farashinsa ya yi tsada. In shi ne zai kai ku masana'antu, ku yi maganar ladansa a fili tun farko. Kada kuma ku ɗauko wa kowa ƙunshin da ba ku buɗe kun gani ba.

Hajiya, ina yini. Mu ma'aurata biyu ne, mu huɗu ke nan, za mu sauka wurin wani iyali a Turkiyya, dangin wani tsohon abokin karatuna. Sun ce mu zauna yadda muke so, kuma sun rantse ba za su karɓi kuɗi ba. Abokin tafiyata yana so mu yi kwana goma a can. Ni ina jin nauyi. Me za mu kai musu, kuma ta yaya za mu rage musu ɗawainiya ba tare da mun ɓata musu rai ba?

Lafiya lau Alhaji, Allah ya kai ku lafiya. Nauyin da kake ji shi ne daidai, ka riƙe shi. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Mutum huɗu na kwana goma ciyarwa ce ta kwana arba'in. Ga ruwan wanka, ga wuta, ga wataƙila yaran gida an tashe su daga ɗakinsu suna kwana a falo. Mutanen Turkiyya suna da kalmar da suke kiran baƙon da ya zo ba zato, ma'anarta baƙon Allah, kuma ba za su taɓa ce muku kun daɗe ba. Don ba za su faɗa ba, ku ne za ku ƙirga. Ka faɗa wa abokinka kwana uku, iyaka huɗu, kuma ku sanar da masu gidan ranar tafiyarku tun kafin ku iso. In suka matsa ku ƙara, ku ƙara ɗaya, a rabu ana marmarin juna.

Kada ku miƙa kuɗi a hannu bayan sun rantse, kada kuma ku ɓoye shi ƙarƙashin filo. Wanda ya tsince shi zai ji kamar an biya shi aikin otal. Hanyar tana wurin cefane. In mai gida zai je kasuwa, ka bi shi, ka riga shi zaro kuɗi a wurin mai nama ko mai 'ya'yan itace. In ya kai ku wani wuri da motarsa, ku sha mata mai. Dare ɗaya ku fitar da gidan duka cin abinci, ka je ka biya a ɓoye kafin a kawo takardar kuɗi, don in ta iso teburi kokawa za a yi. In za ku shigo da yamma, ku riƙo kwalin baklaba ko wani kayan zaƙi, wannan abu ne da suka saba yi wa juna. Matanku kuma su shiga kicin ko da an kore su sau biyu. A na uku akan miƙo wuƙa da albasa. Ku mazan ku ɗauke kwanukanku, ku gyara shimfiɗarku.

Tsaraba ta zama abin da ya fito daga ƙasarku wanda ba za su samu a kantinsu ba, mara nauyi, kuma a ware wa tsofaffi da yara nasu daban. Abinci ɗanye, nama, iri da tsirrai ku bar su, kwastan na ƙasashe da yawa suna ƙwacewa. Tsakaninku ku huɗu kuma, ku haɗa kuɗin tsaraba da cefane a hannun mutum ɗaya tun kafin ku tashi, yana rubutawa. Na ga abota ta yi tsami a kan wa ya biya wa bai biya ba, kuma mafi muni, masu gida suna jin sautin gardamar ta bango.

Anti, gidan da za mu sauka ni da ƙawata a Japan ba Musulmi ba ne. Yaya zan yi da abinci da salla ba tare da na zama matsala ba?

Ƙanwata, ki rubuta musu yau, kada ki bari sai an ajiye kwano a gabanki. Kuma kada ki tsaya a kan "ba na cin alade". Ki lissafa: naman alade, kitsensa, romonsa, da giya ko da a cikin girki. Girkin Japan yana yawan amfani da abubuwan da suke kira sake da mirin, dukansu daga giyar shinkafa suke, kuma mai girkin ba ta ɗaukar su a matsayin giya, kayan miya ne a wurinta. Romon taliyar ramen ma sau da yawa na ƙashin alade ne. Ki haɗa da abin da kike ci, don ki sauƙaƙa mata: kifi, ƙwai, shinkafa, kayan lambu, tofu, wato awara. In kina da tambaya kan yankan da ba na Musulmi ba, ki yi wa malaminki ita kafin ki tashi, ki tafi da matsaya ɗaya.

Salla ba ta buƙatar komai daga gare su sai su sani. Ki ce sau biyar a rana za ki shiga ɗaki na 'yan mintoci, ɗaya kafin fitowar rana. Ki rage ƙarar agogon asuba, bangon gidajensu ba shi da kauri. Wurin alwala ne baƙi suka fi barin ɓarna: ki riƙe ƙaramin tawul, ki goge ƙasa da bakin famfo in kin gama. Akwai silifa na musamman da ake sawa a makewayi kawai, kada ki fito da su cikin gida. In suka ba ki bahon wanka, a waje ake cuɗa jiki a ɗauraye tas kafin a shiga, kuma ba a zubar da ruwan, don na bayanki shi zai shiga. In akwai kare a gidan, ki roƙa a hana shi shiga ɗakinki, ki riƙa rufe ƙofa, ki naɗe dardumarki ki ɗora a sama.